Ƙafa Ce Ta Lanƙwashe, Ba Yaron Ba

Shekara huɗu ke nan da ƙanwata ta haihu a wani asibiti a nan Gombe. Ɗa namiji ne, mai nauyi, mai kuka da ƙarfi, ya kama nono tun ranar farko. Sai dai ƙafafunsa biyu sun juya ciki, tafin wannan yana kallon tafin wancan, dugadugan sun ɗage sama. Likita ya duba shi, ya yi rubutu a kati, ya wuce wurin mai jego ta gaba, domin ɗakin cike yake. Mijinta bai yi nisa a boko ba, sai ya ɗauki katin ya kai wa wani ma'aikaci da ya gani a bakin ƙofa. Mutumin ya ɗora yatsa a kan kalma guda ta Turanci, deformity, ya ce masa: "Nakasa ce. Sai haƙuri."

Da wannan maganar suka koma gida. Surukarta, wadda duk muke kira Inna, mace ce mai tawakkali, ta karɓi jaririn ta rungume, ta ce haka Allah ya halicce shi, gurgu ma ɗa ne, ba za a yar ba. Da ƙauna ta faɗi haka, ban taɓa shakka ba. Aka shiga naɗe ƙafafun da zani idan 'yan barka sun shigo. Ni ina Bajoga wurin aiki, sai jajiberin suna na iso. Ina shiga ɗakin ƙanwata ta fashe da kuka, ta ce: "Yaya, an ce ba zai taka ba." Na ce wa ya ce? Ta ce a kati aka rubuta. Na karɓi katin na karanta. Kalmar tana nan kuwa. Amma a ƙasanta akwai layi biyu da babu wanda ya fassara musu: likitan ya rubuta sunan larurar, ya kuma ce a kai yaron sashen ƙashi cikin mako biyu domin a fara gyara.

Tun daga ranar nake juya wannan kalma a raina, da yadda muke mayar da ita Hausa. Abin da na yi imani da shi yanzu shi ne, fassara ta da "nakasa" kuskure ne mai tsada, kuma yaranmu ne suke biya.

Asalin kalmar daga Latin ne, daga saiwar da ke nufin siffa ko ƙira. Idan likita ya rubuta ta, abin da yake cewa kawai shi ne wata gaɓa ta kauce daga siffar da aka saba gani. Ƙashin da ya karye aka ɗora shi a karkace, sunansa ke nan a katin likita. Haka yatsun da wuta ta ƙona suka manne da tafin hannu, da ƙafar yaron da ta yi baka, da ƙashin bayan da ya yi doro. Kalmar ba ta ce gaɓar ba ta aiki ba. Ba ta ce babu magani ba. Ba ta ma yi maganar mutumin ba, gaɓar kaɗai ta kwatanta. Turanci yana da wata kalma daban, disability, wadda ke magana a kan abin da mutum ya kasa yi, ko abin da aka hana shi yi, saboda halin jikinsa. Mu kuwa sai muka zuba duka biyun a ƙwarya ɗaya muka rufe da "nakasa".

Ga misali a bakin ƙofarmu. Mutum nawa ne a Gombe da Bauchi ake kira Cindo? Sunan ɗan da aka haifa da yatsa na shida ne. A katin likita wannan yatsan sauyin siffa ne, ba musu. Amma wa ya taɓa kiran Cindo nakasasshe? Yana noma, yana tuƙi, yana rubutu, yana aure, sunan ma ya zama abin ado har ana gadonsa. A ɗaya gefen kuma ga kurma, wanda idan ka dube shi daga kai har ƙafa ba za ka ga inda siffarsa ta kauce ba, amma yana shiga asibiti ya rasa mai yi masa tafinta. Na farko yana da sauyin siffa ba tare da tawaya ba, na biyu yana fama da tawaya ba tare da sauyin siffa ba. Kakanninmu sun san wannan bambanci, shi ya sa suka ba kowane abu sunansa: gwame, doro, dungu, maƙoƙo, shan inna. Mu 'yan boko ne muka zo da kalmar taro guda muka shafe su.

Kuma kunnen Bahaushe idan ya ji "nakasa", abin da yake ji shi ne ragi. An rage wani abu daga mutum, kuma ba zai dawo ba. Kalma ce ta yanke hukunci. Ba a cewa "nakasa ce, ku dawo ranar Litinin". Abin da ke bin ta shi ne abin da wancan ma'aikacin ya faɗa, sai haƙuri. Ban riƙe shi a rai ba. Na tabbata da ya san abin da maganarsa za ta jawo, da ya karanta katin har ƙasa. Amma magana zarar bunu ce, ta fita, ta kwana shida a gidan tana aiki.

Bari in tsaya a kan larurar yaron, don ita na sani da idona. Kusan jariri ɗaya cikin dubu ake haifa da ita a duniya, maza sun fi yawa, kuma wajen rabinsu ƙafa biyu take kamawa. Ba iska ba ce, ba laifin uwa ba ne, ba kuma don ta fita da tsakar rana tana da ciki ba. Wani likita ɗan asalin Sifaniya mai suna Ignacio Ponseti, wanda ya yi aiki a Jami'ar Iowa ta Amurka, shi ya tsara hanyar gyaran da ake bi yanzu a ko'ina, tun wajen shekarun 1950. Babu babbar tiyata a ciki. Kowane mako ana murza ƙafar a hankali da hannu, a ɗan juya ta zuwa daidai, sai a ɗaure ta da farin simintin nan na asibiti da ake sa wa karaya, tun daga yatsu har cinya. Mako na zagayowa a cire, a ƙara juyawa, a sake ɗaurewa. Yawanci sau biyar zuwa takwas. Daga nan a yi wa agara ɗan ƙaramin yanka don diddige ya sauka. Sai a ba yaro takalma biyu haɗe da sandar ƙarfe, ya sa kusan dare da rana na wata uku, bayan haka da dare kawai har ya kai shekara huɗu ko biyar. Fiye da tara cikin goma na yaran da aka fara wa da wuri suna miƙewa su yi tafiya a kan tafin ƙafarsu kamar kowa.

Sirrin duka shi ne "da wuri". Ƙafar jariri guringuntsi ce, tana bin hannu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ban taɓa ganin inda karin maganar nan ta zauna daram kamar a nan ba. Idan aka bari yaro ya fara takawa a kan gefen ƙafa, ƙashi ya yi ƙwari a karkace, fata ta yi kanta, aikin ya koma na tiyata mai wuya da kuɗi mai yawa. Duk wanda ya saba bi ta tashar mota ko bakin babbar kasuwa ya ga manya masu tafiya a kan bayan ƙafa, sun ɗaura mata tsumma ko guntun taya. Da dama daga cikinsu larurar ɗan ƙanwata ce. Duk sanda na ga ɗaya sai in tambayi kaina ko wace kalma aka faɗa wa uwarsa a makon da ta haife shi.

Ba a sha da sauƙi ba wajen shawo kan Inna. Na durƙusa na gaishe ta, na ce: "Inna, ku yi haƙuri, ba jayayya nake da ikon Allah ba. Likita ya ce ƙafar ce ta lanƙwashe a ciki, kuma ana miƙar da ita." Ta ce, "Ɗan nan, abin da Allah ya ƙera wa zai sake ƙera shi?" Na ce ai ko haƙori idan ya fito a karkace ana gyarawa, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci bayin Allah da su nemi magani. Ta yi shiru, ta buɗe zanin ta daɗe tana kallon ƙafafun. Abin da na lura da shi, kuma shi ne ya sa nake wannan rubutu, shi ne ba hadisin kaɗai ya juya ta ba. Ta san shi tun kafin a haife ni. Abin da ya sauya shi ne sunan abin. Muddin "nakasa" ce, to ƙaddara ce da ake karɓa hannu biyu. Da ta koma "ƙafar da ta lanƙwashe", sai ta zama ciwo, ciwo kuwa kowa ya san ana kai shi asibiti.

Haka lamarin yake ga sauran larurori da dama. Jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe, tiyata ɗaya ko biyu ke rufe shi, ana iya farawa yana ɗan wata uku, kuma akwai ƙungiyoyi irin su Smile Train da ke ɗaukar nauyin aikin kyauta a asibitocin ƙasar nan. Ƙafar baka a yara sau da yawa ƙarancin sinadarin da ke gina ƙashi ne a abinci, ana magance ta kafin ta yi nisa. Cutar noma mai cin fuskar yara tana da asibiti sukutum a Sakkwato tun 1999. Kuturta kuwa, wadda muka ɗauka ita ce uwar nakasa, ƙwayar cuta ce da ake kashewa da magani cikin wata shida zuwa shekara, kuma tun 1995 ake ba da maganin kyauta a duniya. Wanda ya zo tun tana tabo a fata da wuya ya rasa yatsa ko ɗaya. Gundulewar yatsu sakamakon jinkiri ce, jinkirin kuwa kunya ce ke kawo shi.

Za a ce mini ai an riga an gyara, yanzu gidajen rediyo da jami'an gwamnati ba sa cewa nakasassu, "masu buƙata ta musamman" suke cewa. Na san da kyakkyawar niyya aka ƙirƙiro wannan lafazi, kuma na fi son sa a kan "musakai". Amma ba ya warware matsalar da nake magana a kai. Shi ma ƙwarya ɗaya ce, an dai yi mata zane. Idan ma'aikacin nan ya ce wa mijin ƙanwata "ɗanka mai buƙata ta musamman ne", da haka za su koma gida su naɗe ƙafar da zani. Lafazin yana da amfani a wurin taro, inda ake maganar jama'a da haƙƙinsu. A gaban uwa mai jego ba shi da amfani, don ita so take ta ji wace gaɓa ce, me ya same ta, me za a yi, kuma yaushe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Akwai ma wani abu da ke damuna game da yawan kewaye-kewaye. Ina da aboki makaho, malamin makaranta, mun yi shekaru muna zama a majalisa ɗaya bayan la'asar. Wata rana wani baƙo ya yi ta kokawa da harshensa yana neman yadda zai ambaci halinsa, yana "masu larurar gani", yana "irinku masu buƙata". Abokina ya bari ya gama, sannan ya ce masa cikin natsuwa shi makaho ne, kuma kalmar ba ta taɓa yi masa ciwo ba. Abin da ke yi masa ciwo shi ne ya tsaya a bakin titi yana jiran Keke Napep da kuɗinsa a aljihu, wani ya zo ya cusa masa naira hamsin a hannu ya wuce.

Wannan magana ta zauna mini. Alƙur'ani da kansa bai kewaye ba. A farkon Suratu Abasa "makaho" aka ce, a kan Abdullahi ɗan Ummu Maktum, kuma ayoyin sun sauka ne don ɗaukaka shi. Shi ne daga baya ya zama ladani, aka kuma riƙa barinsa ya ja ragamar Madina idan Manzon Allah ya fita. A cikin masu ruwaito hadisi akwai wanda duniya ta sani da A'araj, wato mai ɗingishi, da A'amash, mai raunin gani, kuma malamai sun halatta kiran su da haka don a gane su, ba don a muzanta su ba. Abin da Suratul Hujurat ta hana shi ne jifan juna da laƙabi. A ƙasar Hausa ma muna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, sarautu ne da ake naɗawa da rawani. Ashe ba a cikin "makaho" ko "gurgu" dafin yake ba. Dafin yana cikin abin da muka liƙa musu. Dubi yadda "miskini", wadda asalinta matalauci take nufi, ta koma sunan duk mai tawaya a bakin mutane da yawa. Da ka kira mutum miskini ka riga ka miƙa masa ƙoƙon bara, ko da kuwa ya fi ka albashi.

Don haka ba ina kira ne a kori tsofaffin kalmominmu a shigo da masu santsi ba. Wasu daga cikin tsofaffin sun fi sababbin gaskiya. Wasu kuma sun ruɓe da zagi har ba sa gyaruwa, kuma ba ni ne zan zaɓa ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Makafi da kurame da guragu da zabiyoyi suna da ƙungiyoyinsu a Gombe da Bauchi, suna da masu ilimi da masu iya magana. Duk gidan rediyon da ke son sanin wace kalma zai yi amfani da ita, ya aika musu ya tambaya, ya daina fassara daga takardar Turanci. Su ma Turawan sun sha sauya bakinsu a kan wannan, kuma siffanta mutum kacokan da kalmar da ke katin ɗan ƙanwata cin fuska ne a wurinsu. Gaɓa ake faɗa wa ita. Na sha jin 'yan bokonmu suna jefa ta a kan yaro gaba ɗaya a tsakiyar hira, suna ganin sun sakaya, alhali sun fi mai cewa gurgu ɓarna.

Wani kuma zai ce duk wannan nahawun masu ƙoshi ne, mai keken guragu gangara yake nema a bakin banki, ba sabon suna ba. Da gaskiyarsa. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu tawaya. Dokar ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, ta ware aƙalla kashi biyar cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, ta yanka tarar naira dubu ɗari ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna wariya, da naira miliyan ɗaya ga kamfani. Wa'adin shekara biyar ya cika a farkon 2024. Kowa ya zaga gari ya ƙirga matakalan da har yau ba su da gangara. Amma ina ganin abubuwan biyu igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Jami'in da ke kallon mutum a matsayin miskini, buhun shinkafa zai ware masa da azumi ya ɗauki hoto. Ba zai yi tunanin gangara ba, domin miskini ba shi da abin yi a cikin banki. Sai wanda ya gan shi a matsayin ɗan kasuwar da ƙafarsa ba ta aiki ne zai ga cewa matakala ce ta hana shi shiga.

Abin da nake roƙo ƙarami ne, ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Makarantun da ke horar da ungozoma da ma'aikatan jinya da na lafiya matakin farko a jihohin nan su ware lokaci su koya wa ɗalibai yadda ake faɗin waɗannan larurori da Hausa, da Fulatanci, da Tangale da Tera da sauran harsunan da marasa lafiya ke zuwa da su. Ba jerin kalmomi za a haddace ba. A koya musu su ambaci gaɓar, su faɗi abin da ya same ta, su faɗi abin da za a iya yi da ranar da za a dawo. Idan abin ba ya gyaruwa, a faɗa da gaskiya, a kuma faɗi abin da yaron zai iya yi, domin shi ma bayani ne da iyaye ke da haƙƙin ji. Likitan da ya rubuta kati kuma ya daure ya ba da minti biyu ya faɗa da bakinsa. Na san yawan mutanen da ke jiran sa. Amma katin da aka rubuta da Turanci aka miƙa wa wanda ba ya jin Turanci, duk wanda aka tarar a bakin ƙofa shi zai zama likitan.

Ɗan ƙanwata ya sha ɗauri sau shida. Ya yi kuka, uwarsa ta yi kuka, wanka ya zama aiki. Yanzu yana makarantar raino, yana tsere da yaran unguwa, sai ka sa ido sosai za ka ga ƙafarsa ta hagu ta ɗan fi ta dama ƙanƙanta. Har yanzu yana kwana da takalman, kuma Inna ce ke ɗaura masa su, ba ta yarda kowa ya taɓa, wai mu ba ma ja da kyau.

Watannin baya wata mata daga wani ƙauye a wajen Dukku ta zo biki unguwarsu da goyo. Inna ta hangi ƙafar yarinyar ta leƙo daga zani, ta kira matar gefe, ta kira jikanta ya zo ya tsaya a gabansu, ta ce: "'Yar nan, dubi wannan. Haka aka haife shi. Ƙafar ce ta juya, ana miƙar da ita." Matar ta ce ai su an ce musu nakasa ce tun a wurin haihuwa. Yarinyar ta kusa shekara biyu, ta fara takawa a kan gefen ƙafar. An fara mata ɗauri, likita ya ce nata zai ɗauki lokaci fiye da na yaronmu, kuma mai yiwuwa sai an haɗa da tiyata. Uban ya sayar da akuya biyu don kuɗin motar zuwa Gombe kowane mako.